Filin Tambaya da Amsa: Shari'ar Tom Robinson da Zancen Asali a Maradi

A wannan fitowa wasiƙu uku suka zo mana daga cikin garin Maradi, dukkansu a kan littafi guda, wato To Kill a Mockingbird na marubuciyar Amurka Harper Lee, wanda masu karatun Faransanci suka sani da sunan Ne tirez pas sur l'oiseau moqueur. Mun haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowace tana taimakon ƴar'uwarta, mun kuma sakaya sunayen masu tambayar kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba a unguwar Zariya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise. Malaminmu na Ingilishi ya karanta mana wani yanki na wannan littafi, ni kuma na aro fassararsa na karance ta a lokacin hutu. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, yaya aka yi kotu ta kama Tom Robinson da laifi alhali kowa ya ga ba shi ya aikata ba, kuma shin irin haka ta taɓa faruwa da gaske ko ƙagen marubuciya ne? Na biyu, yayana ya ce ɓata lokaci nake yi, wai mu nan duk baƙaƙe ne, babu wariyar launin fata a Maradi, don haka littafin ba namu ba ne. Na rasa amsar da zan ba shi.

Amsa

Wa alaikumus salam, ƴata. Bari in fara da taƙaita labarin saboda waɗanda littafin bai shiga hannunsu ba. An haifi Harper Lee a 1926 a garin Monroeville na jihar Alabama da ke kudancin Amurka, mahaifinta kuma lauya ne. Littafin ya fito a 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961, aka mai da shi fim a 1962. Labarin yana gudana ne tsakanin 1933 da 1935 a wani ƙaramin gari da ta ƙirƙira ta raɗa masa suna Maycomb, a zamanin da karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta durƙusar da manoma, har ta kai wani manomi yana biyan lauya ladan aikinsa da itacen girki da ganyen lambu domin ba shi da ko dala. Mai ba da labarin yarinya ce mai suna Scout, ƴar shekara shida a farkon littafin, wadda uwarta ta rasu, tana zaune da yayanta Jem da mahaifinsu lauya Atticus Finch, da Calpurnia, baƙar fata mai yi musu girki wadda ita ta raine su. Alƙalin garin ne ya ɗora wa Atticus nauyin kare Tom Robinson, baƙar fata magidanci mai ƴaƴa uku, wanda aka zarga da yi wa wata budurwa farar fata ƴar shekara 19, Mayella Ewell, fyaɗe.

Kin yi gaskiya da kika ce kowa ya gani. Raunukan Mayella a ɓangaren dama na fuskarta suke, wanda ke nuna bahago ne ya doke ta, hannun hagu na Tom kuwa shanyayye ne tun ranar da injin gurzar auduga ya kama shi yana yaro. Mahaifin yarinyar, Bob Ewell, mashayin giya, a gaban idon kotu ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa da hagu. Ko likita ba a kira ya duba ta ba. Da hujja ake bi, da Tom a gidansa ya kwana a daren nan.

Sai dai a tsarin shari'ar Amurka, mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga cikin jama'a su ce an yi laifi ko ba a yi ba, kuma waɗanda aka zaunar a shari'ar Tom duk maza ne fararen fata, akasarinsu manoman karkara. Kafin su sake shi, sai sun yarda a bainar jama'a cewa Bature da ƴarsa sun yi ƙarya, baƙar fata ya faɗi gaskiya, kuma cewa yarinyar ce ta neme shi, abin da garin ba ya iya ji ko da a raɗa. Iyalin Ewell a bayan jujin gari suke zaune, ba wanda ke ganinsu da gashi a ka, ba su mallaki komai ba sai launin fatarsu, kuma shi kaɗai ya ishe su rinjaye a kotu. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda mai gabatar da ƙara ya tambayi Tom dalilin da ya sa yake yi wa Mayella ƴan aikace-aikace kyauta, shi kuma ya amsa da cewa tausayinta yake ji. Wannan kalma ita ta ƙarasa shi, domin a tsarin garin tausayi daga sama yake gangarowa, kuma baƙar fatan da ya tausaya wa Baturiya kamar ya ɗaga kansa bisa ita ne. Ki lura kuma da yadda mai gabatar da ƙarar yake ta kiransa "yaro", mutum mai mata da ƴaƴa uku. Duk Bahaushen da ya san nauyin kalmar magidanci zai ji zafin wannan a ƙirjinsa, kuma a cikin littafin wani ƙaramin yaro, Dill, abokin su Scout, shi ne ya kasa jurewa ya fashe da kuka har aka fita da shi waje. Bayan hukuncin Tom bai jira ɗaukaka ƙara ba, ya yi ƙoƙarin gudu daga gidan kaso, masu gadi suka ɗirka masa harsashi 17.

Garin Maycomb ƙirƙira ne, amma abin da ya faru a cikinsa yana da tushe a tarihi. An soke bauta a Amurka a 1865, daga baya jihohin kudu suka kafa dokokin da ake kira Jim Crow, waɗanda suka raba makaranta da jirgin ƙasa da wurin cin abinci da famfon shan ruwa tsakanin fari da baƙi, Kotun Ƙoli kuma ta amince da wannan rabo a 1896. A 1931, lokacin Harper Lee tana da shekara biyar ko ƙasa da haka kaɗan, aka kama samari tara baƙaƙen fata a cikin jirgin ƙasa a Alabama bisa zargin fyaɗe ga mata biyu fararen fata, aka yi musu shari'ar gaggawa a garin Scottsboro, aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Ɗaya daga cikin matan ta janye zarginta daga baya, kuma a 1935 Kotun Ƙoli ta ce ware baƙaƙen fata daga cikin masu yanke hukunci ya saɓa wa tsarin mulki, amma duk da haka wasu daga cikin samarin sun shafe shekaru a ɗaure. A 1955 aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a jihar Misisipi, bisa zargin ya yi wa wata Baturiya rashin ladabi, masu yanke hukunci fararen fata suka wanke mutum biyun da ake tuhuma cikin kimanin awa guda, su kuwa daga baya suka amsa wa wata mujalla cewa su suka kashe shi. A ƙarshen wannan shekarar ce Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery, babban birnin Alabama. Ke nan littafin ya fito ana tsakiyar gwagwarmaya, shekara huɗu kafin dokar ƴancin jama'a ta 1964.

Yanzu ga maganar yayanki. Yana da rabin gaskiya, kuma ya kamata ki ba shi ita. Babu wata doka a Nijar da ta hana wani shan ruwan famfo ko shiga lakwal saboda launinsa, kuma ba adalci ba ne mu daidaita halinmu da na mutanen da aka riƙa ratayewa a bishiya ba tare da shari'a ba. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar da ya yi cewa tun da fatarmu irin ta Tom ce, kullum a kujerar Tom muke zaune. Sau da yawa a kujerar mutum goma sha biyun nan muke.

Ki buɗe masa wurin da malamar su Scout take yi wa ɗalibai bayanin zaluncin da Hitila ke yi wa Yahudawa a Jamus, ranta a ɓace, tana cewa a Amurka ba a tsangwamar kowa. Scout ta koma gida a ruɗe, domin da kunnenta ta ji wannan malama a kan matakalar kotu, ranar da aka yanke wa Tom hukunci, tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙen fata hankali. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna iya zubar wa Tom Robinson hawaye da dare, da safe mu tambayi saurayin da ya zo neman aure wace sana'a kakansa yake yi.

A wurinmu sunan abin asali. Ina aji huɗu na firamare na jawo wani abokina gida da tsakar rana, muka zauna a zaure, wata dattijuwa cikin danginmu ta ɗebo mana ruwa a randa. Ni ta miƙo mini moɗar gida, shi kuma ta koma ciki ta ɗauko wani tsohon gwangwani ta zuba masa. Ya sha, ya yi godiya, ya kife gwangwanin a gindin bango da kansa, kamar wanda ya saba. Da ya tafi na tambaya, aka ce mini ai ɗan mahauta ne, aka ci gaba da hira. Wannan dattijuwa mai azumin nafila ce, mai kyauta, ita ke goya ni in na yi zazzaɓi, kuma naman da ke cikin miyarmu a ranar daga hannun mahaifin yaron nan ya fito. Ba ta ɗauka ta yi wani laifi ba, ni ma ban ɗauka ba sai bayan shekaru. Har yau in na tuna yadda ya kife gwangwanin nan ba tare da an ce masa ya yi ba, sai in ji kunya ta rufe ni.

In yayanki ya ce wannan tsohon zance ne, ki tuna masa cewa sai a 2003 dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum, bayan daɗewar da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991, ta yi tana kira. A watan Oktoban 2008 ne kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce ƙasa ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, ta kuma umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Wannan a zamaninmu ya faru, ba a zamanin kakanni ba, kuma gorin "ɗan bayi" yana nan a bakin mutane in faɗa ya yi zafi.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗan kasuwa a unguwar Mokoyo

Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗana ɗan shekara 13 ya shigo mini da wannan littafi gida. Wani maƙwabcina ya ce mini akwai zancen fyaɗe da munanan kalmomi a ciki, in karɓe shi. Kafin in yanke shawara sai yaron ya tare ni da tambayar da ta fi wannan nauyi. Yayata, wato goggonsa, ta hana ƴarta auren wani saurayi mai addini da sana'a saboda gidansu gidan wanzamai ne, shi ne yaron ya ce mini, wai mene ne bambancin Goggo da mutanen Maycomb. Na daka masa tsawa ya yi shiru, amma raina bai kwanta ba. Me zan yi da littafin, me kuma zan ce wa yaron?

Amsa

Alhaji, Allah ya raya mana shi, ya sa ya fi mu. Game da littafin, shawarata kada ka karɓe. Zancen fyaɗen a bakin shaidu yake a cikin kotu, ba a zayyana shi ta hanyar batsa ba, kuma yaron da ya kai shekara 13 a garin nan ya riga ya ji kalmar a rediyo. Mummunar kalmar da ake kiran baƙaƙen fata da ita tana ciki sau da yawa, domin haka mutanen wancan zamani suke magana, amma a cikin littafin ma uba yana hana ƴarsa furta ta. Abin da ya fi shi ne ka ce ya riƙa ba ka labarin babin da ya karanta bayan sallar isha'i, kai kuma ka riƙa tambayarsa abin da ya fahimta.

Za ka tarar rabin littafin ma ba a kotu yake ba, a kan tarbiyya yake. Akwai ranar da Jem ya gayyato wani yaro ɗan talakawan karkara, Walter Cunningham, cin abincin rana, yaron da ke zuwa lakwal ba takalmi ba guzuri. Da aka ajiye abinci sai ya nemi maɗi, ya kwarara shi a kan nama da ganye gaba ɗaya, Scout ta buɗe baki ta tambaye shi wane irin abu yake yi haka, yaron ya sunkuyar da kai ya janye hannu. Calpurnia ce ta kira ta ɗakin girki ta ja mata kunne, ta ce duk wanda ya taka ƙofar gidan nan baƙo ne, ko yaya ya ci abincinsa ba ta da ikon wulaƙanta shi. Daga baya kuma goggon Scout ta jini, Alexandra, mace mai ji da asalin gidansu, ita ce ta hana ta sake jawo yaron gida, ta kira shi tarkace. Ka ga a gida ɗaya yarinya take samun darasi biyu masu karo da juna, duka daga manyan da ke ƙaunarta. Halin da ɗanka yake ciki ke nan a yau.

Akwai kuma maƙwabcinsu Boo Radley, wanda ya shekara da shekaru bai fito waje ba, yara suka mai da shi dodo, suna wuce ƙofar gidan a guje, suna cewa ƴaƴan itacen gidan guba ne. Duk wanda ya tashi a unguwanninmu ya san irin wannan gida, gidan tsohuwar da aka laƙaba wa maita, wadda ba a cin tuwonta, ba a auren jikokinta, alhali ba wanda ya taɓa ganin ta cuci kowa. Ashe mutumin nan shi ne yake ajiye wa yaran cingam da tsoffin kwabbai da ƴan tsana na sabulu a kogon bishiya, kuma shi ne ya cece su a daren da Bob Ewell ya tare su da wuƙa. Sai da Scout ta raka shi gida, ta tsaya a barandarsa ta kalli unguwarsu daga inda shi yake kallonta, sannan ta gane wane ne shi.

Ina so ka karanta wa kanka wurin da wasu mutane suka zo gidan kaso da dare domin su fitar da Tom su kashe shi, Atticus yana zaune shi kaɗai a bakin ƙofa. Scout ta kutsa cikinsu ba ta san abin da ke faruwa ba, ta hangi mahaifin Walter, ta gaishe shi da sunansa, ta ce ajinsu ɗaya da ɗansa, ta ce a gaishe mata da shi. Mutumin ya yi tsit, daga baya ya durƙusa ya ce zai isar da gaisuwar, ya juya ya ce wa sauran su tafi. Gaisuwar yarinya ta tuna masa cewa shi uba ne kuma maƙwabci. Mu da muke da gaisuwa mai tsawo, mai tambayar gida da iyali da gajiya, mun fi kowa sanin abin da take iya kwancewa.

Game da tambayar yaron, tsawar da ka daka masa ta koya masa cewa akwai abin da ba a tambaya, amma ba ta cire masa tambayar daga zuciya ba. Kada ka yi masa ƙarya, domin ya riga ya gani, kada kuma ka ba shi ƙofar raina goggonsa. Kana iya ce masa Goggo mutuniyar kirki ce, haƙƙinta a kansa yana nan, amma a wannan magana ta bi abin da ta tarar ne, kuma abin da aka tarar ba duka ne daidai ba. Addini yana bayanka a nan. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta bayyana cewa an sanya mu al'ummai da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar miji da mata ana auna ta da addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure, ba a sa sana'ar gado a ma'auni. Ya zo a cikin Sunan na Abu Dawuda cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Banu Bayada su aurar wa Abu Hindin, su kuma nemi aure a gidansa, Abu Hindin kuwa mai yin ƙaho ne, wato aikin wanzamai. Wanzamin da muke ba wa jaririnmu ɗan kwana bakwai ya yi masa aski, muke miƙa masa wuyanmu yana riƙe da aska, mun amince masa da rayukanmu.

Sauran magana tsakaninka da yayarka ne, Alhaji, kuma kai ne kawun yarinyar. Ba a gaban yara za a yi ta ba, ba kuma da faɗa ba. In kana ganin nauyinta, ka tafi da wani malami da take girmamawa. Ɗanka zai ji abin da ka yi ko da ba ka gaya masa ba.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo

Malam, na ji ana cewa littafin labarin Bature ne mai ceton baƙaƙen fata, su kuma ba su da baki a ciki, kuma wai marubuciyar ta sake fitar da wani littafi inda Atticus kansa ya zama mai wariya. Shin har yanzu ya cancanci girman da ake ba shi?

Amsa

Ƙanena, sukar tana da ƙarfi, kuma ni na yarda da mafi yawanta. Littafin da ka ji labarinsa shi ne Go Set a Watchman, wanda ya fito a 2015, shekara guda kafin rasuwar Harper Lee, ko da yake shi ta fara rubutawa tun kafin wanda ya yi suna. A cikinsa Scout ta girma, tana da shekara 26, ta dawo gida daga New York ta tarar da mahaifinta yana halartar taron masu adawa da haɗa fari da baƙi a makarantu. Masu karatu da yawa sun ji kamar an yi musu rasuwa. Amma ko a littafin farko, wanda ya lura zai ga Atticus bai nemi shari'ar da kansa ba, ɗora masa ita aka yi, kuma ya kare Tom da iyakar ƙarfinsa ba tare da ya taɓa neman a rushe tsarin da ya kai Tom gaban kotun ba. Wannan bai rage masa jarumtar daren gidan kaso ba, sai dai ya nuna iyakarsa, kuma ina ganin Atticus mai iyaka ya fi kama da mutanen kirkin da muka sani a gidajenmu.

Sunan littafin ma yana da abin dubawa. Tsuntsun da ake nufi wani tsuntsu ne na Amurka mai kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye, wanda aka gaya wa yaran cewa zunubi ne a harbe shi, saboda ba ya ɓarna a gona, waƙa kawai yake yi. An kamanta Tom da shi, an kamanta Boo da shi. Abin da ke damuna shi ne, Tom mutum ne, kuma haƙƙinsa na samun adalci bai rataya a kan kasancewarsa mai laushin hali da ladabi ba. Da mafaɗaci ne ko mai girman kai, da hukuncin zalunci ne duk da haka.

Girman littafin, a ganina, yana cikin yadda ya nuna raini yana shiga yaro ta bakin waɗanda suka raine shi, a wurin cin abinci da ɗakin karatu da hirar mata, kuma wannan ya yi shi da gwaninta. Abin da bai yi ba shi ne shigar da mu gidan Tom mu zauna. Matarsa Helen kusan ba mu ji muryarta ba, sai dai muka ga ta yanke jiki ta faɗi ranar da aka kawo mata labarin mutuwarsa. In kana son jin labarin daga bakin wanda aka yi wa, nemi Black Boy na Richard Wright, wanda ya fito a 1945, inda baƙar fata haifaffen Misisipi ya ba da labarin tasowarsa da kansa, ka karanta su a jere.

Sannan ka koma babin da Calpurnia ta tafi da yaran cocinsu na baƙaƙen fata, inda Scout ta tarar babu littattafan waƙa domin mutum huɗu kacal suka iya karatu a cikin jama'ar, ɗan Calpurnia yana karanta baiti sauran suna amsawa. A ranar ce ta fara gane cewa matar da ta raine ta, ta koya mata rubutu, tana da gida da ƴaƴa da wani salon magana da ba ta taɓa ji ba. Ta roƙi a bar ta ta kai mata ziyara, Calpurnia ta ce tana maraba, goggonta Alexandra ta ce ba za ta je ba. Har littafin ya ƙare Scout ba ta taka gidan Calpurnia ba.